Seiko 6139 na Kanar Pogue: agogon dala 71 da ya kwana 84 a sararin samaniya

A watan Oktoba na 2008 kamfanin gwanjo na Heritage da ke Dallas a jihar Texas ya sayar da wani tsohon agogon hannu ƙirar Seiko, mai fuska ruwan ɗorawa da zobe ja da shuɗi a gefe. An sallama shi a kan dala 5,975, kuɗin kuma aka zuba su a gidauniyar da 'yan sama-jannatin Amurka suka kafa don tallafa wa ɗalibai. Mai agogon, Kanar William Pogue, ya haɗa da takardar da ya sa wa hannu, yana shaida cewa da shi ya tafi Skylab, tashar Amurka ta sararin samaniya, a ƙarshen 1973, da shi kuma ya dawo.

Wanda bai shiga harkar ba zai ga kuɗin nan sun yi yawa a kan tsohon ƙarfe. Masu tara agogo kuwa har yau suna cizon yatsa. Shekara bakwai bayan wannan ciniki, a 2015, aka yi gwanjon agogon Bulova da David Scott ya ɗaura a kan wata a tafiyar Apollo 15, ya tashi sama da dala miliyan 1.6. Shi ma agogon kansa ne, ba wanda hukuma ta ba shi ba. Gaskiya ne taka wata daban yake da kewaya duniya, amma ratar da ke tsakanin farashin biyu ta wuce abin da wannan kaɗai zai bayyana. A 2008 kasuwa ba ta gama yarda cewa tsohon agogon Japan abin tarawa ba ne. Labarin Pogue yana cikin abubuwan da suka sauya wannan tunani, kuma sauyin ya zo da alheri, ya zo da ɓarna.

Sai a fara da abin da ke cikin agogon. A wurinmu akwai masu cewa irin wannan agogo da jinin mutum yake aiki, shi ya sa in an cire shi ya kwana biyu sai ya tsaya. Ba ruwansa da jini. A bayan injin akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, rabin da'ira, wanda yake juyawa a kan ƙusa. Duk motsin da hannu ya yi sai faifan ya juya, juyawar nan kuma ita ke ɗaure babban sifirin da ke tura giyoyin. In sifirin ya cika, zai riƙe agogon kusan kwana biyu ko da an ajiye shi. Wani Bature ɗan Ingila, John Harwood, shi ya fara kai agogon hannu mai ɗaure kansa kasuwa a shekarun 1920, sannan a 1931 Rolex ya fito da faifan da ke kewayawa gaba ɗaya, wanda kusan kowa ya bi daga baya. Seiko ya ƙara tasa dabarar a 1959: ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da suka raɗa wa suna Magic Lever, yatsa ɗaya yana ja, ɗaya yana turawa, ta yadda ko dama faifan ya juya ko hagu, sifirin yana ɗauruwa. Ƙarfe kaɗan, aiki mai yawa, ga wuyar lalacewa. Shi ne sirrin da ya sa Seiko 5, wanda aka fara yi a 1963, ya shiga lungu da saƙo na duniya.

Abin da ya gagari maƙera har ƙarshen shekarun 1960 shi ne haɗa wannan faifai da agogon awon tsere, wato mai maɓallai biyu a gefe, ɗaya na tayar da dogon tsinke da tsayar da shi, ɗaya na mayar da shi sifili. Wurin da faifan yake buƙata a bayan inji, nan ne giyoyin awon suke zaune. A 1969 ɓangarori uku suka warware matsalar kusan lokaci guda. Zenith na Siwizalan ya sanar da injinsa El Primero ranar 10 ga Janairu. Haɗakar Heuer da Breitling da Hamilton-Buren da Dubois Dépraz ta nuna nata injin, Calibre 11, ranar 3 ga Maris. Seiko bai yi wani biki ba. Masana'antarsa ta Suwa ta ƙera 6139, aka sa shi a shaguna a Japan a watan Mayu. Har gobe ana musu a kan wa ya riga wa, domin wani ya riga sanarwa, wani ya riga nunawa, wani ya riga sayarwa. Ni musun bai dame ni ba kamar yadda ƙirar kanta ta burge ni.

Injin 6139 yana bugawa sau 21,600 a awa. Awonsa minti 30 ne, a ƙaramar da'ira guda a wajen ƙarfe shida, ga rana da kwanan wata a wajen ƙarfe uku. Ba shi da tsinken sakan na kullum. In kana son ganin sakan na tafiya sai ka tayar da dogon tsinken ka bar shi. Ba a murɗa shi da hannu, sai dai a girgiza shi ya tashi. Babban abin da ya zo da shi shi ne yadda ake haɗa tsinken awo da sauran injin. A tsohuwar hanya, haƙoran giya ne suke shiga haƙoran wata giyar daga gefe, shi ya sa in an danna maɓalli tsinken yakan yi ɗan tsalle kafin ya kama hanya. A 6139 faifai biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, kamar kulocin mota: in an danna sai su manne su tafi tare, in an sake dannawa sai a raba su. Tsinken yana tashi sumul. Manyan kamfanonin Siwizalan sun ɗauki shekaru kafin su rungumi wannan hanya, yau kuwa ita ce a cikin Rolex Daytona tun daga 2000. A shekarar da 6139 ya fito, ranar 25 ga Disamba, Seiko ɗin nan dai ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da dutsen kwatz, a kan yen 450,000. Cikin shekara goma agogon batir ya ci kasuwa, kuma kafin 1980 an daina ƙera 6139.

William Pogue mutumin Oklahoma ne, an haife shi a 1930. Ya yi yaƙin Koriya a jirgin sama, ya tashi da tawagar wasan jirage ta Thunderbirds, a 1966 kuma NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta ɗauke shi. Agogon da hukumar ta amince da shi tun 1965 shi ne Omega Speedmaster, wanda ake murɗawa da hannu. Ana yawan cewa an zaɓe shi ne don tsoron kada mai faifai ya ƙi aiki inda babu nauyi, sai dai ya kamata a tuna cewa a 1965 babu agogon awon tsere mai ɗaure kansa ko ɗaya a kasuwa, balle a gwada shi. Lokacin da Pogue yake atisayen tafiyar Skylab, ba a riga an ba shi nasa Omega ba, ga shi yana buƙatar abin da zai auna tsawon lokacin da ake kunna injin kumbo. A watan Satumba na 1972 ya shiga kantin sojoji na sansanin Ellington kusa da Houston ya sayi Seiko a kan kimanin dala 71. Ya yi watanni yana atisaye da shi har hannunsa da idonsa suka saba. Da ranar tashi ta zo, 16 ga Nuwamba 1973, bai nemi izinin kowa ba, ya zura shi a aljihun ƙafar rigarsa ta sama-jannati. Da suka isa, ya ɗaura Seiko a hagu, Omega a dama.

Su uku ne, shi da Gerald Carr da Edward Gibson, kuma sun sauko ranar 8 ga Fabrairu 1974 bayan kwana 84, tafiya mafi tsawo da ɗan'adam ya taɓa yi a sama zuwa wannan lokaci. Tashar tana kewaya duniya cikin kusan awa ɗaya da rabi, don haka rana tana fito musu tana faɗuwa sau goma sha biyar ko fiye a kwana guda. A irin wannan wuri agogon da ke nuna yau wace rana ce, nawa ga wata, yana da amfanin da Speedmaster na lokacin ba shi da shi. Faifan kuma ya yi aikinsa. Nauyin duniya yana taimaka masa a ƙasa, amma ko babu shi, in hannu ya motsa da sauri faifan yakan yi jinkirin bin sa, wannan jinkirin kuwa juyawa ce. Pogue ya dawo da agogonsa ya ci gaba da ɗaurawa kusan shekara 30, bai ɗauke shi wani abin labari ba.

Shekaru da dama, masana harkar agogo sun tafi a kan cewa Sinn na Jamus, wanda Reinhard Furrer ya ɗaura a tafiyar Spacelab D1 a 1985, shi ne agogon awon tsere mai ɗaure kansa na farko da ya je sama. Sai wajen 2007 wani mai tara agogo da ke bin hotunan Skylab ɗaya bayan ɗaya ya hango wata fuska ruwan ɗorawa a hannun Pogue, launin da Omega ba shi da shi. Bai tsaya a kan hoto ba. Ya rubuta wa Kanar ɗin wasiƙa, Kanar ya amsa ya ba da labarin yadda aka yi. A nan nake jinjina wa mutumin nan. Hoto mai dishi-dishi zai iya zama komai, kuma da ya wallafa zatonsa kawai, da yau ana nan ana ja-in-ja. Pogue ya rasu a 2014. Da an yi jinkirin shekara bakwai, da babu wanda za a tambaya.

Daga nan sunan ya manne. Duk 6139 mai fuska ruwan ɗorawa da zobe ja da shuɗi ya koma "Pogue" a bakin 'yan kasuwa, agogon da a da ake yasarwa a akwati farashinsa ya riƙa hawa. Seiko ya ƙera irinsa da yawa ƙwarai cikin kusan shekara goma, to amma akasarinsu sun sha wuya: ruwa ya shiga, rana ta ci launi, an fasa gilashi. Da masu saye suka yawaita, sai masu buga fuska da zobe da tsinkaye na jabu suka cike giɓin. Yau in ka duba shafukan saye da sayarwa na intanet, da yawan waɗanda za ka gani suna sheƙi haɗe-haɗe ne: tsohon inji, sabuwar fuska, marfin baya na wani agogon, sarƙa ta wata masana'anta. Agogo ne mai tafiya, kuma babu laifi mutum ya ɗaura shi in ya san abin da ya saya. Laifin yana wurin mai sayarwar da ya kira shi na asali ya karɓi kuɗin na asali.

Wannan ne ya tilasta wa masu tarawa koyon karatun agogo, kuma a ganina nan ne daɗin harkar yake. Ana farawa daga marfin baya. Akwai lambobi huɗu na inji, 6139, sai ɗan layi, sai lambobi huɗu na gidan agogon, wato jikinsa na ƙarfe; na Pogue 6005 ne, samfurin kasuwar Amurka. Akwai kuma wata lamba mai shida. Ta farko ita ce ƙarshen shekara, ta biyu wata ne, daga 1 zuwa 9, sai O da N da D na Oktoba da Nuwamba da Disamba. Wanda lambarsa ta fara da 19 a watan Satumba na 1971 aka yi shi, kuma daga wannan watan ne na Pogue ya fito. In ka san watan, sai ka juya fuskar ka tambaye ta ko ta yarda. Na farko-farko an rubuta musu "Water 70m Proof" a wajen ƙarfe tara. Wajen 1970, bayan hukumar ciniki ta Amurka ta hana cewa agogo ba ya shan ruwa kwata-kwata, aka koma "Resist". Bayan 'yan shekaru aka cire rubutun gaba ɗaya. Saboda haka marfin 1976 a jikin fuska mai "Proof" ba tare suka fito daga masana'anta ba. Na Pogue kansa "Resist" ne, kuma a ƙarƙashin sunan Seiko kalmar "Automatic" kaɗai aka rubuta, ba kamar na wasu kasuwanni da aka ƙara wa "Chronograph" ba. Injinsa mai duwatsu 17 ne, wato ƙananan duwatsun da ake dasawa a inji don rage gogayya, alhali na cikin gida Japan 21 ne; Amurka ta daɗe tana ɗora haraji mai nauyi a kan agogon da duwatsunsa suka wuce 17. Masu tsanani a harkar ba sa kiran agogo "Pogue na gaskiya" sai waɗannan duka sun haɗu.

Sai kuma abin da shekaru suka yi masa. A cikin gilashin akwai wani zobe ruwan ɗorawa da ake juyawa da ɗan kan nan na gefe da ake saita lokaci da shi, kuma rana tana cin launinsa har ya koma fari-fari. Jan da ke zoben waje yakan koɗe. Sabon shiga yana ganin wannan a matsayin aibi, sai ya nemi wanda launinsa ke raɗau. Wanda ya daɗe a harkar yana jin tsoron launi raɗau a jikin agogon da ya haura shekara 50, sai in akwai dalili. Koɗewa mai tafiya daidai, fuska da zobe da tsinkaye duk sun tsufa tare, ita ce shaidar da ta fi wuyar ƙirƙira. Ba kowane tabo ne abin so ba, wannan ma a faɗa. In farin abin nan da ke haske cikin duhu ya yi baƙi a kan tsinkaye, ruwa ne ya shiga, kuma mai yiwuwa tsatsa na cikin inji. Gidan agogon ma ana dubawa. Seiko ya fitar da shi da kusurwoyi masu kaifi da zanen goga a sama. In aka kai shi injin gogewa don ya yi ƙyalli, kusurwoyin sukan narke, ƙarfen da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Na fi ƙaunar agogo mai ƙwarzane da kusurwarsa a tsaye a kan wanda aka goge har ya zama kamar ƙwai.

Akwai tambayar da ya kamata a yi wa wannan kasuwa. Mutum ya biya ninki don fuskarsa ta yi kama da ta Pogue, alhali nasa agogon bai taɓa barin ƙasa ba, kuma mai fuska shuɗiya ko azurfa inji ɗaya ne da shi. Me ya saya? Labari ya saya, kuma ban ga aibi a nan ba, tunda labarin gaskiya ne, an kuma tabbatar da shi daga bakin mai shi. Abin da ke damuna shi ne yadda sunan ya rufe ainihin abin da ya cancanci yabo. Ko da Pogue bai taɓa shiga kantin Ellington ba, 6139 yana nan a matsayin ɗaya daga cikin injuna uku da suka buɗe wannan babi a 1969, kuma shi ne wanda ma'aikaci mai albashi zai iya saya. Matuƙin jirgi ya zaɓe shi ne don yana yi masa aiki, ba don suna ba. A 2024 Seiko ya fito da sabon agogo mai launukan Pogue, amma mai aiki da hasken rana, babu faifai babu sifirin. Ya nuna cewa kamfanin ma ya gane launi ne yake sayarwa yanzu.

Wannan labari ya shafe mu ta wata hanya ta zahiri. A shekarun 1970 da 1980 agogo yana cikin tsarabar da alhazai suke dawowa da ita daga Makka da Jidda, Seiko da Orient da Citizen da Rado, kuma da yawansu an yi su ne don kasuwar ƙasashen Larabawa, ranakun mako da Turanci da Larabci. Har 6139 akwai mai ranakun Larabci. Da yawa suna nan a akwatunan iyaye da kakanni a Kano da Katsina da Damagaram, an ajiye su tun ranar da suka tsaya. Mafi yawansu Seiko 5 ne na yau da kullum, ba za su mayar da kowa attajiri ba, kuma kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka kowane tsohon agogo dukiya ce. Amma abin da ke faruwa da su yana sosa mini rai. Ana kai wa mai gyara, shi kuma, saboda injin batir ya fi sauƙin samu kuma mai agogo yana sauri, sai ya ciro injin asali ya jefar, ya dasa na roba. Agogon zai tafi, amma abin da Alhaji ya sayo ya tafi kwandon shara. Sau da yawa kuwa ba abin da ya same shi illa man da ke cikinsa ya bushe ya daskare da ƙura.

Wanda ya ci karo da irinsa a gida, kafin komai ya ɗauki hoton gaba da baya, ya rubuta lambobin, ya tambayi manya wace shekara aka yi aikin Hajjin, wa ya sayo, wa ya ɗaura bayansa. Abin da wasiƙa ɗaya ta yi wa agogon Pogue ke nan, kuma masu ba da amsar ba za su dawwama ba. Kada a yi ta girgiza shi don a ga ko zai tashi, domin inji busasshe cin kansa yake yi. In an je wurin mai gyara, a nemi dattijon da ya koyi sana'ar tun kafin zamanin batir, a ce masa: Baba, wankewa da mai kawai nake so, kada a taɓa fuska, kada a goge jiki, duk abin da aka canja a ba ni tsohon a hannuna. Bayan an gyara, a cire shi lokacin alwala. Robobin da ke toshe maɓallai da marfi sun daɗe da bushewa, kuma mita 70 ɗin da aka rubuta a fuska alkawari ne na shekara 50 da suka wuce.

In kuma 6139 ne, akwai ƙarin abu ɗaya. Giyar tsakiya da ke ɗauke da faifan nan biyu masu kama da kuloci a dunƙule aka ƙera ta, ba a yi ta don a warware a gyara ba, Seiko kuma ya daɗe da daina yin ta. In ta mutu, sai dai a nemo wani mataccen 6139 a ciro tasa, shi ya sa ita kaɗai takan ci kaso mai tsoka na kuɗin agogon. Kafin a biya kuɗi a danna maɓallin sama, a bar dogon tsinken ya zagaya, a zuba ido lokacin da ya kusa ƙarfe sha biyu, inda yake tura ƙaramin tsinken minti gaba. In agogon ya tsaya a daidai nan, ko tsinken ya maƙale sauran injin na tafiya, to a san akwai aiki a gaba, a yi ciniki a kan haka.